Gaisuwar da Na Kai wa Alƙalan Ɗakin Ƙarfe

Tun da na dawo daga Garwa ta ƙasar Kamaru ba a bar ni na huta ba. Matan Kahu sun zo, na Durba sun aiko, ranar suna a gidan Malam Isa kuwa ko loma biyu ba a bari na kai baki ba. Kowa tambayarsa ɗaya: "Iya Tabawa, yaya ƙasar take? Me ya faru a can?" Na faɗa, na sake faɗa, har muryata ta dushe. Shi ne na ce wa 'yata Binta, wadda ke koyarwa a firamare a Rano, ta ɗauko takarda ta zauna kusa da ni. Ni ban yi boko ba, amma abin da idona ya gani ba ya ɓace mini. Ina faɗa tana rubutawa. Wanda ya sake tambaya, a miƙa masa.

Ku fara sanin Sagiru. Jikana ne, ɗan ɗana marigayi Habibu. Ni na yaye shi, a ɗakina ya girma. Tun yana ƙarami ba shi da aiki sai ƙwallo. Na fasa masa ta roba da allura, ya ɗaura ta tsumma. Na jefa ta tsumma a murhu, ya koma buga lemon tsami. Na gaji na bar shi da Allah. Yau ga shi namiji har da gemu, yana buga wa wata babbar ƙungiya, lamba tara a bayansa, aikinsa shi ne zura ƙwallo a raga.

Wata safiya da bazara, ina tankaɗe, wayar Binta ta yi ƙara.

"Ina amaryata?" in ji shi.

Na ce, "Tana nan, mijin banza, wanda ba ya cefane."

"To ki ɗaure kayanki. Za mu buga wasa a Kamaru, karo na farko da zan taka wata ƙasa. Ina so ki zo ki ga abin da kika yi ta fasawa da allura."

Na ce ƙafata tana ciwo. Ya ce mota ce za ta yi tafiyar. Na ce ba na jin yarensu. Ya ce ƙwallo ba ta da yare. Binta ta lalubo fasfona na aikin hajji, ta ce bai mutu ba. Shi ke nan, aka sa rana.

Na haɗa kaya yadda ake haɗawa in za a baƙunci mutane: ƙwaryar goro fari da ja a cikin ganye, daddawa, ƙuli-ƙuli, kuka, butata da dardumata. Daga Kibiya muka hau zuwa Rano, daga Rano zuwa Kano. 'Yan wasa su tuni sun yi gaba. Mu a motar magoya baya aka sa mu, doguwar bas cike da ƙarti da ganguna da ƙahonin roba. Shugabansu wani Malam Ɗanjuma, mutum mai tumbi da murya kamar ta sanƙira, ya tashi mutum biyu daga kujerar gaba ya ce, "Kakar lamba tara ce wannan. Wanda ya busa ƙaho kusa da kunnenta, a Wudil zan sauke shi." Ba mu kai Wudil ba shi da kansa ya manta ya busa.

A hanyar Gwambe na fara jin labarin wata na'ura. Gardama ce ta kaure a bayan mota, wani yana cewa ta kashe daɗin ƙwallo, wani yana cewa ta kashe ƙarya ne kawai. Na juya na ce, "Wai wace ce wannan da kuke ta zagi?"

Ɗanjuma ya gyara zama. Ya ce, "Iya, kin ga alƙalin wasa, mai usur, wanda ke gudu a fili? To yanzu ba shi kaɗai ke hukunci ba. Akwai wasu alƙalan da ake rufewa a wani ɗaki, gabansu cike da talbijin. Kyamarori suna ɗauko musu komai, gaba da baya da gefe. In mai usur ya yi kuskure, sai su raɗa masa a kunne. Sai ya zana akwati da hannu a iska, ya ruga ya kalli hoton, ya dawo ya gyara."

Na ce, "Ya janye maganarsa a gaban jama'a?"

"A gaban jama'a."

"Su kuma na ɗakin, wa ke ganinsu?"

"Babu kowa."

"Wa ke kai musu ruwa?"

Motar ta kwashe da dariya. Ni ban yi dariya ba. Na riƙe abin a raina.

Muka kwana a Yola, washegari muka kama hanyar iyaka. Hanya ce da ke sa mutum ya tuna duk ƙashin da ke jikinsa. Taya ta fashe sau ɗaya, ganga ɗaya ta faɗo daga sama ta gangara gonar mutane, ƙarti uku suka bi ta a guje kamar akuya ta tsinke. A bakin iyaka aka sauke mu duka, aka karɓi fasfo da takardar rigakafi. Wani jami'i siriri ya buɗe jakata, ya kwance ƙullin daddawa, ya ja da baya har ya taka ƙafar na bayansa. Ya yi ta magana da Faransanci yana toshe hanci. Na ce wa Binta, "Gaya masa ba gawa ba ce, miya ce." Sai wata jami'a ta leƙo, ta shinshina, ta yi masa tsawa da Fillanci. Nan na gane kunnena ba zai mutu da yunwa a ƙasar nan ba, don shekara da shekaru ina cinikin nono da matan rugar bayan Fammar. Na gaishe ta da yarenta na ce, "Jam na?" Ta buɗe baki, ta riƙe hannuna biyu, ta ce, "Jam, Dada!" Ita ta ɗaure mini jakar da kanta.

Garwa gari ne mai zafi. Ku da kuke kukan zafin Rano, ku yi shiru. Can rana kamar a kan kafaɗar mutum take zaune. Babura sun fi mutane yawa, mata suna hawa suna tuƙawa da kansu, babu mai juyowa ya kalle su. An sauke ni da Binta a gidan wata Dada Aisatu, 'yar'uwar matar Ɗanjuma, Bafulatana doguwa mai tsafta. Kafin in zauna na kwance goro na ba ta, na ba maigidanta, na aika wa mai unguwa da limamin masallacinsu. Kafin la'asar kwanuka sun cika ƙofar ɗakinmu. Na ce wa Binta, "Kin gani? Gaisuwa ko'ina gaisuwa ce."

Abincinsu kuwa, tuwo ne kamar namu, sai dai miyar yakuwa ce da tsami har kunne, ga kifin kogi gasasshe wanda mutum biyu ba sa cinye guda. Da safe aka kawo burodi dogo kamar taɓarya, mai tauri. Na nemi wuƙa, Dada Aisatu ta karya shi a gwiwa. Na jiƙa nawa a kunun gyaɗa har ya yi laushi, don haƙorana ba su zo faɗa ba. Maza kuma in sun haɗu sai su riƙa haɗa gefen goshi da gefen goshi kamar raguna masu sulhu. Na yi ta kallo.

Ana gobe wasa, Sagiru ya aiko mana da wasu katuna masu igiya, aka rataya mana a wuya, aka ce mu zo mu ga atisaye. Jama'a, filin nan! Na ga Arfa, na ga Mina, amma ban taɓa ganin wurin zama jere-jere har sama don kallo kawai ba. Ciyawa kore shar a tsakiyar bazara, ana yi mata ban ruwa, ba akuyar da za ta ci. Sagiru ya hango ni ya ɗago hannu, ya yi ihu, "Amarya, kar ki kalli kowa sai ni!" Abokansa suka yi ta dariya.

Ɗanjuma ne ya nuna mini. A bayan filin, gefen katanga, akwai wani ɗaki na ƙarfe kamar bayan tirela, babu taga, wayoyi sun fito daga cikinsa kamar saiwar gamji. Ya ce, "Iya, ga ɗakin da na gaya miki. Gobe duk abin da Sagiru ya yi, su ne za su tabbatar ko su soke."

Ya tafi wajen gangunansa. Binta ta tafi neman inda za mu yi alwala. Na zauna ni kaɗai ina kallon ɗakin.

Ku saurara da kyau, don a nan ne abin yake. A garinmu, in maganar ɗanka za ta shiga hannun manya, ba ka zama a gida ka naɗe hannu. Kana zuwa ka gaishe su. Lokacin da aka raba gonar gadon mijina, na je na gaida dagaci, 'yan'uwansa ma sun je sun gaishe shi, ya ci goron kowa, ya yi rabon da ya ga daidai ne. Ranar da Sagiru ya fara makarantar allo na kai wa malaminsa goro na ce ga amana. Wanda bai je gaisuwa ba shi ake kira marar tarbiyya. Ga bayin Allah an rufe su a cikin ƙarfe da wannan zafi, baƙi ne kamar ni, ba wanda ya ce musu sannu. Kuma ni ce babba a duk waɗanda suka zo daga gida. In ban je ba, wa zai je?

Na ware goro manya-manya, na haɗa da ƙuli-ƙuli, na ɗaure a sabon kallabi, na miƙe.

Mai gadin wajen ya dubi katin wuyana, ya dubi furfurata, na gaishe shi da Fillanci, ya matsa. Ina jin ya zaci bayan gida nake nema. Na ƙwanƙwasa. Aka buɗe, wani sanyi ya buge ni a fuska kamar an buɗe randa. Ashe ba zafi suke sha ba. Mutum uku ne a ciki, da abin ji a kunnuwansu, talbijin a gabansu sun fi yatsun hannuna. A ɗaya na ga Sagiru ta gaba, a ɗaya ta ƙeya, a ɗaya ƙafarsa kaɗai. Na ce, "La ilaha illallahu."

Na durƙusa yadda ya kamata, na ajiye ƙullin a kan teburinsu, na kwance. Na nuna Sagiru a talbijin, na dafa ƙirjina, na ɗaga yatsu tara. Na ce, "Jikana ne. Na kawo muku amanarsa. Allah ya ba ku ikon yin aikinku."

Ban taɓa ganin manyan mutane sun tsorata da goro ba sai ran nan. Babbansu ya miƙe har kujerarsa ta faɗi, ya ɗaga hannuwa sama kamar an nuna masa bindiga. Na biyu ya ja da baya ya manne da bango. Na uku ya ɗauki waya. Na ce, "Ku ci mana, ba shi da tsutsa." Kafin in rufe baki wajen ya cika. Wasu masu aiki a filin sun ɗaga wayoyinsu suna ɗaukata hoto. Binta ta kutso, butar alwala a hannunta, ta dubi goron, ta dubi mutanen, ta ce, "Iya! Innalillahi! Iya, me kika yi?"

Aka kai mu wani ofis a ƙarƙashin filin. Akwai wani dattijo baƙi mai farin gashi da tabarau, wai shi ne kwamishinan wasa, shi ke rubuta wa manyansu duk abin da ya faru. Aka kira kocin su Sagiru, aka kira Sagiru da guminsa. Aka samo tafinta, Bahaushen garin. Goron nan aka ajiye shi a tsakiyar tebur kamar kayan sata.

Kwamishina ya tambaya wa ya aike ni. Na ce ba wanda ya isa ya aike ni, ni ke aike. Ya tambaya me nake so su yi mini. Na ce su ci. Ya tambaya me ya sa na nuna lamba tara. Na ce, "To lambar wa zan nuna? Shi na yaye." Na ba shi labarin dagaci da rabon gona. Na ce in kakar wani ɗan wasan garin nan tana da hankali, ita ma ta zo ta gaishe su, ni ba zan ji haushi ba.

Tafinta ya juya masa. Dattijon bai yi murmushi ba. Ya cire tabarau ya yi magana a hankali, tafinta ya ce, "Hajiya, ya ce a wannan aikin ko ruwa ba a ba alƙali. Wanda aka samu ya nemi alƙalai kafin wasa, ko shi ko danginsa, ana iya dakatar da shi shekaru, wani ma har abada. Ya ce yaron zai buga gobe. Amma bayan wasa zai rubuta takarda, kuma bai riga ya san abin da zai rubuta ba."

Na dubi Sagiru. Yaron da tun da ya iya magana bai taɓa barin bakina ya huta ba, ya sunkuyar da kai. Da muka fito bai ce amarya ba. Ya ce, "Iya, shekara goma sha biyar ina neman wannan ranar." Ya juya ya bi abokansa.

Na fasa masa ƙwallo da allura yana yaro bai daina ba. Yau na zo da goro zan raba shi da ita gaba ɗaya.

Kifin Dada Aisatu na ranar ban taɓa shi ba. Kafin magariba hotona ya zagaye garin. Dada Aisatu ta dawo daga kasuwa ta ce har masu tumatir suna kallona a waya, sun sa mini suna tsohuwa mai goro. Binta ta ce gobe mu zauna a gida. Na ce a'a. Wanda ya yi ɓarna ba ya ɓuya ya bar yaro shi kaɗai a gaban mutane.

Ranar wasa, bayan la'asar, filin ya cika har ba a ganin siminti. Mu 'yan tsiraru ne a lungu guda, su Ɗanjuma da gangunansu, sauran duk mutanen gari. Ƙarar kuwa, ba da kunne ake jin ta ba, da ciki ake ji. Akwai wani allo a sama, girman bangon masallacin Juma'a, yana nuna fuskokin 'yan kallo. Bai daɗe ba ya nemo ni. Na ga kaina, hancina kamar turmi. Filin ya ɗauka gaba ɗaya: "Goro! Goro! Goro!" Ashe kalmar ɗaya ce a bakinmu da nasu. Na gyara mayafina na zauna daram.

Aka busa usur. Jama'a, ashe haka abin yake! Ni da na zo da baƙin ciki, ban san lokacin da na fara miƙewa ina zama ba. Yaran nan gudu suke kamar an sako dawaki. Ƙwallo ta zo nan, ta koma can, mai tsaron ragarmu ya yi tsalle ya kama wata kamar kyanwa ta kama tsuntsu. Wani ƙato ya kwashe ƙafar Sagiru, na miƙe na ce, "Kai, ɗan wa ye kai? Haka aka koya maka a gida?" Binta ta ja ni na zauna. Aka tafi hutu ba wanda ya ci.

Da aka dawo, rana ta yi sanyi, sai aka bugo wata ƙwallo daga kusurwa. Ta taso sama, mutane suka taru a bakin raga kamar kaji a kan tsaba, na ga lamba tara ya tashi sama ya fi kowa, na ga raga ta motsa.

Ɗanjuma ya jefar da ganga ya rungume wani da bai sani ba. Binta, malamar makaranta, ta hau kan kujera tana ihu. Mai usur ya nuna tsakiyar fili, wato ta ci. Sagiru ya ruga ya zame a kan gwiwa, abokansa suka hau kansa. Ni ma na ɗaga hannu zan yi hamdala.

Sai na ji filin. Ba ihun haushi suke yi ba. Waƙa suke, da tafi, dubban mutane da murya ɗaya, suna nuna ɗakin ƙarfe, suna nuno ni: "Goro! Goro! Goro!" 'Yan wasansu sun kewaye mai usur suna bubbuga hannuwansu. Hannuna ya sauko da kansa. Na gane in ƙwallon nan ta zauna haka, ba ta Sagiru ba ce. Ko tsufa ya yi, za a ce kakarsa ce ta saya masa. Can ƙasa kuma ga dattijo mai tabarau, takarda a kan gwiwarsa.

Sai mai usur ya tsaya cak. Ya dafa kunne. Ya ɗaga hannu ya ce kowa ya dakata. Sannan ya zana akwatin nan a iska, ya ruga gefen fili inda aka kafa wani ɗan talbijin, ya sunkuya.

Ɗanjuma ya ce, "Iya, yi addu'a! Yi addu'a ta zauna!"

Na buɗe baki, na rasa abin da zan roƙa. In ce ta zauna, na san abin da zai biyo baya. In ce a soke, jikana ne. Tun da nake ban taɓa tsayawa gaban Ubangiji ban san buƙatata ba sai ran nan. Na ce, "Allah, kai ka ga abin da ya faru. Ka nuna musu shi kawai."

Filin ya yi tsit, har kukan jariri na ji daga can nesa. Sai babban allon ya nuna. Aka mayar da lokaci baya, jama'a, ina kallo! Ƙwallo ta fito daga raga ta koma sama, yaran suka sauko da baya-baya. Aka sake ta a hankali, a hankali, kamar ana zuba zuma. Ga Sagiru yana tashi. Ga ƙwallo tana zuwa. Ta wuce kansa da kaɗan, ta sauka a damtsensa na hagu, ta gangara raga. Aka nuna ta gaba. Aka nuna ta baya. Ko makaho ya gani.

Mai usur ya dawo, ya sake zana akwati, ya kaɗa hannu. An soke.

Ban yi shawara da kowa ba, ko da zuciyata. Na ji kawai na miƙe tsaye, na kama hancina, na rangaɗa guɗa. Irin wadda na yi ranar da aka haifi Sagiru. Na ja ta har numfashina ya ƙare, na sake jan wata.

Gangunanmu sun mutu, don haka ba abin da ya rufe ta. Ɗanjuma ya dube ni baki buɗe, ya ce, "Iya, tamu fa aka soke! Tamu!" Binta tana jan zanena tana cewa, "Iya, zauna, don girman Allah, ana nuna ki!" Na ɗaga kai, ga ni a allo, hannu a hanci. Sai wata dariya ta tashi a cikin mutanen gari daga wannan gefe ta zagaya har wancan. Wasu suka miƙe suna tafa mini. Ba wanda ya sake kiran goro har aka tashi.

Canjaras aka yi, ba ci. Su Ɗanjuma suka ce ba laifi, tunda akwai wasa na biyu a gida, amma suna faɗa ba wanda ya kalle ni.

Kafin mu fita aka aiko kiranmu ofishin nan. Dattijo yana zaune, takardarsa a gaba, Sagiru yana tsaye da tawul a wuya. Dattijon ya dube ni ta saman tabarau, yana danne dariya. Tafinta ya ce, "Hajiya, ya ce ya daɗe a wannan aiki, ya ga masu neman alƙalai iri-iri, bai taɓa ganin wanda ya yi murna da aka soke abin da ya zo nema ba. Zai rubuta cewa wata dattijuwa ta kawo gaisuwa irin ta garinsu, alƙalai ba su karɓa ba, yaron kuma ba shi da masaniya. Amma ya ce kar ki ƙara."

Na ce, "Gaya masa na ji. Ya kuma gaya wa na ɗakin sun yi aikinsu."

Muka fito ta wani dogon lungu. Sagiru yana gaba. Sai da muka kai bakin motarsu ya juyo.

"Tsohuwa, ƙwallona ta farko a ƙasar waje. Aka soke, matata ta yi guɗa. Duk gidajen kallon Kibiya sun gani. Na sake ki, saki uku."

Da na ji haka na san ya dawo. Na ce, "Ka daɗe ba ka saka ba. Zo nan. Da ta taɓa hannunka, ka ji ko ba ka ji ba?"

Ya dubi Binta, ya dubi takalminsa. Ya ce, "Na ji."

"Ka ji, ka je kana zamiya da gwiwa a gaban duniya?"

"Iya, haka ake yi. Kowa haka yake yi. In ba a gani ba, ta ci."

Na kama kunnensa, da gemunsa da komai, a gaban kocinsa da abokansa, na murɗa. Ya yi ƙara yana dariya, yana cewa a kawo masa ɗauki. Na ce, "To yanzu ana gani. Su suna gani ta gaba da baya, ni ma na gani. Wasan gida ina nan zuwa, kuma a gaba zan zauna. Ka ci ta da ka ko da ƙafa, in yi maka guɗar da ta fi wannan."

Ya ce, "Za ki zo hannu wofi?"

Na ce, "Hannu wofi. Ɗaya dai na kama hanci, ɗaya na kunnenka."